Wata huɗu ina shagon Kawu a Kwari, har yanzu ciniki ba ya faɗawa a hannuna

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Bayan na gama difloma na yi kusan shekara a gida ba aikin fari ba na baƙi, sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya ce in riƙa zuwa shagonsa a Kantin Kwari. Atamfa muke sayarwa da leshi da shadda, sari da ɗai-ɗai. Yau wata huɗu ke nan. Mu biyu ne yaran shago. Ɗayan da shekara ɗaya kacal ya girme ni, ko sakandare bai ƙarasa ba, amma idan aka zauna lissafi da yamma, abin da ya sayar yakan ninka nawa har sau uku. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba shi da surutu ko kaɗan. Ni ne mai baki. Ni ke tarbo mutum tun daga bakin layi, ni ke juya harshe zuwa Turanci idan ɗan Kudu ne ya zo, ni na haddace farashin duk turmin da ke kan kanta.

Ranar Talatar da ta wuce aka yi wadda ta hana ni barci. Wata Hajiya ta shigo da mata biyu, ɗaya dattijuwa, ɗaya budurwa, suka ce kayan lefe suke haɗawa. Na ce yau kakata ta yanke saƙa. Na hau kanta na yi ta sauko da kaya, na ƙirga daga baya turmi 17 na warware musu, ina ta bayani, wannan sabon yayi ne, wannan ita ake rububi. Hajiya ta yi ta gyaɗa kai, can ta ce, "To ɗana, bari mu ɗan zaga mu dawo." Na kusa rabin awa ina ninke kaya. Bayan Azahar, ina masallaci, ashe sun dawo. Kafin in iso abokin aikina ya sayar musu da atamfa turmi 9 da leshi 2, kuma huɗu daga ciki waɗanda na nuna musu ne da safe. Da na tambaye shi me ya ce musu, sai ya ce rabo ne kawai.

Yaran maƙwabta suna cewa wai farin jini aka yi masa a garinsu. Kawu kuwa ba ya cewa uffan, sai dai ya dube ni ya ci gaba da jan carbinsa. To iya sayarwa baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, ko abu ne da ake koya? In ana koya, ta ina zan fara?

Mai Waya a Farm Centre ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka cire zancen laya a ranka, duk wanda ya fi wani kasuwa sai an ce asiri ne. Ni shekarata 8 ina sayar da waya, kuma abin da na sani shi ne kasuwa ba ta son mai kunya. Kuskurenka ɗaya, ka bar su sun fita. Wanda ya ce maka "bari in zaga" in bai dawo ba, maƙwabcinka ka yi wa aiki. Ni in mutum ya riƙe Tecno ko Infinix a hannunsa yana jujjuyawa, ba ya taka ƙofa sai na ji nawa ne a aljihunsa. In kuɗin bai kai ba, in kawo masa ta ƙasa da ita, ko ta hannu mai lafiya. Ka ƙara kaimi, kada ka yi sanyi.

Tsohon Kwari ya amsa:

Ɗana, jikana ne ke danna mini wayar ni ina faɗa, saboda haka ka yi haƙuri in zancen ya yi tsawo. Na shiga kasuwar nan ina ɗan dako, ina ɗaukar dila daga sito zuwa shago, tun zamanin da yawancin atamfar da muke sayarwa daga masaƙun Kakuri a Kaduna da na nan Kano take fitowa. A kan idonmu masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002, masaƙar UNTL, ita ma a Kaduna, ta bi bayanta a 2007, kayan Chaina suka cika kanta. Yara irinka sun wuce ta hannuna da yawa, kuma tun ban gama jin labarinka ba na gane inda gizo ke saƙar.

Ka ce ka haddace farashi. Farashi ai takarda ma ta haddace shi. Kaya ka sani? In na rufe maka ido na sa maka atamfa uku a hannu, za ka iya cewa wannan auduga ce zalla, wannan an surka ta da roba, wannan kuwa sitati ne ya cika ta, wanki ɗaya za ta koma kamar rariya? Ka zari zare ɗaya a bakin yadi ka ƙyasta masa ashana. Auduga takan ci ta bar toka mai laushi da wari irin na takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefe, mai zuba za ta tona kanta nan take. Ka juya atamfa ka dubi bayanta, ta ƙwarai rininta ya ratsa, ciki da baya kusan ɗaya ne. Ka karanta rubutun da ke bakinta, domin Holan ta gaskiya kamfanin Vlisco ke buga ta a ƙasar Holan, kuma jabunta ya fi ta yawa a duniya. Haka shadda. Wadda ake kira Getzner daga ƙasar Ostiriya take zuwa, sheƙinta a jikinta yake, akwai kuma wadda sheƙinta na aro ne, ranar da ta ga ruwa ranar za su rabu. Matar da ta shekara talatin tana ɗaura zani ta fi ka sanin wannan duka, kuma da ka buɗe baki ka ce "wannan ba ta zuba" a kan wadda ta san tana zuba, shi ke nan, duk abin da za ka faɗa bayan nan iska ne.

Sai maganar turmi 17. Ai kai ka kore su, ɗana. Ido in ya ga kala da yawa gajiya yake, zuciya kuma ta kasa tsayawa a kan ɗaya. Kuma akwai nauyi. Mace mai kunya in ta ga ka barbaje mata rabin shago kana gumi, sai ta ji in ta ce ba ta so ta zalunce ka, in ta saya kuma ba da son ranta ba, mafita ɗaya ita ce ta gudu. "Bari mu zaga" da ka ji, sau da yawa ba farashi ba ne, numfashi suke nema.

Ni a da, in masu lefe suka shigo, ba na taɓa ko turmi ɗaya sai na sa an ba su wurin zama da ruwa, sannan in yi tambaya. Akwati nawa za a yi? Me da me aka riga aka saya? Amaryar fara ce, ko baƙa, ko wankan tarwaɗa? 'Yar birni ce ko za a kai ta ƙauye? Daga amsar "akwati nawa" kaɗai na san nauyin aljihu ba tare da na tambayi kuɗi na kunyata kowa ba. Ina tambayar ina kallon wa ke amsawa. Ka ce ka yi ta yi wa Hajiya bayani. Wa ya gaya maka ita ce mai yanke magana? A cikin mata uku irin waɗannan, ɗaya ce ke riƙe da jaka, ɗaya, galibi gwaggo ko babbar yaya, ita ke cewa a'a, budurwar nan kuma da ka raina ita ta san abin da amarya ke so, watakila ma ƙawarta ce. In ka samu budurwar ta ce "wannan ta yi," dattijuwar ta murza ta ce "tana da jiki," mai jaka ba ta da sauran aiki sai ƙirga kuɗi.

Sannan a sauko da uku: babba, matsakaiciya, ƙarama. Wadda hannu ya koma kanta sau biyu, ita ce. Sai ka mayar da sauran biyun kan kanta, ka kawo 'yan uwan wadda aka so.

Game da taya kuwa, kada ranka ya ɓaci don an yi maka tayin wulaƙanci. Ka ce dubu 30, a taya 15, ba zagi ba ne, gwada zurfin ruwa ake yi. Ka ce albarka da fara'a, ka yi shiru. Shirun nan shi ne yara ba sa iyawa. Da sun ji an yi tsit sai su tsorata su fara zubar da farashi da kansu, daga 30 zuwa 26 zuwa 23 ba wanda ya ƙara ko sisi. Mai saye kuma ya ce a ransa, ashe da farko yanka ni aka so yi. Ka rage kaɗan sau ɗaya ko biyu, ka faɗi dalili, ka tsaya. In ba za ta yiwu ba ka ce, "Hajiya, a kuɗin nan ba za ta fita ba, amma ga wadda za ta fita, sai dai ki sani ba ɗaya suke ba." Araha ba ta ado, sun fi ka sani.

Ɗan'uwanmu mai waya ya ce kada ka bari su fita. A nan mun saɓa. Waya sau ɗaya mutum ke saye a shekara biyu ko uku. Gidan da ya yi lefe bana, baɗi zai yi goyo, ga Sallah ƙarama, ga babba, ga ankon biki ba ya ƙarewa. Ni in an ce za a zaga, har bakin ƙofa nake rakiya, in ce a zaga lafiya, ga farashin da za a ji a kasuwa, in an samu ƙasa da haka a duba baya da bakin atamfar da kyau. Wanda ka ba shi wannan makamin, in ya zaga ya ga gaskiya ka faɗa, ƙafarsa da kanta za ta dawo da shi.

Bari in ba ka labari ɗaya in yi shiru. Akwai wani ɗan kasuwa daga Damagaram da ya fara zuwa wurina yana saurayi, jarinsa bai taka kara ya karya ba. Wata rana ya zaɓi turmi 20, a ciki akwai 6 da na san rininsu ya ɗan koɗe ta wajen ninki, sun daɗe a sito. A cikin leda ba mai ganewa. Na ware su na warware masa ɗaya a hasken rana, na ce ga aibinsu, in kana so ka ɗauka a uwar kuɗi, in ba ka so ka bari. Ya ɗauki 2 ya bar 4, suka yi mini kwantai na kusan shekara, maigidana na lokacin har faɗa ya yi mini. Mutumin nan ya zama babban ɗan sari, kuma bai sake sauka a wani shago ba. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a Maris 2024, bai taka Kano ba, amma a waya muke gama magana, bai taɓa cewa in nuna masa hoto ba. In za ka yi hulɗa da mutanen Maraɗi da Damagaram kuma, ka koyi lissafinsu na sefa. Dala ɗaya a bakinsu sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. Yaron da ke zaro kwakuleta a duk jimla, ba sa sakin jiki da shi.

Ka sayi ƙaramin littafi. Duk wanda ya saya, bayan ya tafi ka rubuta sunansa, garinsu, abin da ya ɗauka, abin da ya so bai samu ba. Ranar da ya dawo ka ce, "Hajiya, ya amaryarmu ta Gwarzo, koren nan ya karɓe ta?" ka ga yadda fuska za ta sake.

Maman Amira ta amsa:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta ɓangaren masu saye zan yi tawa, don ina sarin atamfa a Kwari ina sayarwa daga gida ta WhatsApp.

Ƙanena, wannan tarbo mutum daga bakin layi da kake alfahari da shi, mu mata shi muka fi tsana. Ka shigo layi mutum biyar sun yi maka caa, "Hajiya zo nan, Anti me ake nema, Mama ga sabon kaya," wani har ya kusa kama maka mayafi. Ni duk shagon da aka ja ni ba na shiga, ko da abin da nake nema ne a rataye a ƙofa. Sallama da sakin fuska sun isa, shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma.

Na biyu raini. Wata rana na fito daga asibiti da tsohon hijabi da silifas, na biya wani shago na tambayi kuɗin wani leshi. Yaron ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba, ya ce, "Wannan mai tsada ne." Ban ce komai ba, na shiga shago na uku da nasu na yi sarin da sai da aka kira mini ɗan dako biyu, muka wuce ta gabansa. A Kano kada ka taɓa auna aljihun mutum da rigarsa.

Inda zan ƙara a kan na Baba, yanzu rabin kasuwa a waya take. Shi mutuminsa na Damagaram ba ya neman hoto saboda amanar shekaru ce, amma sabuwar kwastoma a Abuja ko Legas hoto kawai take gani. Ka ɗauka a hasken rana, kada ka ƙara masa kala. Na taɓa tura wa wata atamfa da ta fito ja a hoto alhali ruwan goro ce, ta dawo mini da ita, kuɗin mota zuwa da dawowa duk a kaina, kuma har yau ba ta sake saye ba. Ka riƙa amsa saƙo da wuri, wadda ta jira ka awa uku ta riga ta saya a wani wuri. In ka sa kaya a mota ka tura mata lambar direba tun ba ta tambaya ba. Kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koma transfa, to kada kunya ta sa ka saki kaya saboda an nuna maka rasit a waya. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗi sun zauna, alat na bogi ya yi yawa. Ana iya faɗin haka cikin ladabi, "Hajiya ki ɗan sha ruwa, netwok ne muke jira."

Almajirin Malam ya amsa:

Abu ɗaya na lura a rubutun da yawancinmu ke yi da kuma bakin 'yan kasuwa, yawan wallahi. Ya tabbata a hadisin Abu Huraira cewa rantsuwa tana sa kaya su shige amma tana shafe albarka. Haka nan Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Abin da Baba ya yi da turmi shidan nan ke nan, wajibi ne, ba dabarar kasuwa kaɗai ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da na gani da idona, a sa wani yaro ya shigo kamar mai saye ya taya kaya da tsada a gaban kwastoma don a zuga shi. Wannan shi ne najashi, kuma an hana. In an ce ka yi, ka ƙi.

Mai Waya a Farm Centre ya sake amsawa:

Baba na karɓi gyara, gaskiya atamfa da waya ba ɗaya ba ne. Amma ina nan a kan bakana ta fuska ɗaya. Na ga yara masu ladabi da sanin kaya waɗanda za su yi bayani tiryan-tiryan, mutum ya gamsu, sannan su tsaya suna kallonsa kamar baƙo a tasha. Dole wani ya ce, "To a sa a leda?" In ba ka nemi a rufe ciniki ba, ba zai rufe kansa ba. Malam kuma, wallahin nan ta zame mana jiki, a yi mana addu'a.

Ɗan Fagge ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, musamman Baba da Anti Maman Amira. Maganar tarbo mutane ta ɗan sosa ni amma na ji.

Jiya na saya wa abokin aikina shinkafa da wake muka zauna, na sake tambayarsa zancen matan nan. Ashe tun da safe, ina kan kanta ina zuba, shi yana gefe yana kallon budurwar. Ya ga duk wadda na sauko da ita sai ta duba wayarta ta sake duba atamfar. Da suka dawo abin da ya fara cewa shi ne ta nuna masa hotunan da amarya ta turo. Duk masu ƙananan zane ne, shuɗi da ruwan toka, ni kuwa manyan furanni na yi ta turawa gaba don su ake yayi. Ya ce huɗu kawai ya fara ajiye musu.

Na sayi littafin. Yau da safe kuma kafin Kawu ya iso na zari zare a bakin wasu yaduka ina ƙonawa a bayan shago, sai ga shi a kaina. Na zaci faɗa zai yi saboda wuta a kasuwa ba abin wasa ba ce, kuma ya yi, ya ce in sake ƙyasta ashana kusa da kayansa in ga yadda za mu ƙare, in zan gwada in tafi da zaren gida. Da ya huce sai ya ajiye carbi, ya jawo turmi biyu masu zane iri ɗaya ya ce in rufe ido in taɓa in faɗa masa wacce ce babbar. Na murza, na sake murzawa, na zaɓi ta hagu. Ƙaramar ce. Ya ce gobe in zo ƙarfe 8, kafin a fara shigowa.